Tambaya da Amsa: Takunkumin Ma'aikacin Asibiti

Wata nas daga Kano ta rubuto: "An mayar da ni sashen masu tarin fuka, ga ni da goyo. Shuɗin takunkumin tiyata ya wadatar?"

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, amma bai wadatar ba. Shuɗin nan feshin yawu da jini yake tarewa, gefensa a buɗe yake, ƙwayar tarin fuka kuwa tana daɗewa a iskar ɗaki. Nemi N95, takunkumin da ke manne wa fuska yana tace iska, ko takwaransa FFP2 na Turai. In kin ɗaura, matse ƙarfen kan hanci, ki rufe shi da tafin hannu, ki fitar da numfashi da ƙarfi. Kika ji iska na bugun idonki, bai zauna ba, sake gyarawa.

Wani mai ƙaramin asibiti a Zariya ya ce ya samu kwalin N95 a rabin kuɗi, yana tambaya ko ya saya.

Alhaji, kada ka soma. Araha ba ta ado, a nan ma kisa take yi. Tun korona ta 2020 jabun takunkumi ya cika kasuwa, kowa ya buga "N95" a kwali ya baza a tebur. Na gaskiya hukumar NIOSH ta Amurka ce ke tantance shi, yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. Ɗauko guda ka duba jikinsa: dole ka ga sunan kamfani, da NIOSH a rubuce daidai, da lambar da ta fara da TC-84A. Madaurinsa biyu ne masu zagaye ƙeya. Mai rataya a kunne da ke kiran kansa N95, ajiye shi. KN95 ma'aunin China ne, shi ma akwai nagari akwai jabu. Abin da ke ƙona mini rai, wanda ya yi cinikin yana ofis, yarinyar da ke tsaye kan mai tari ita ke shaƙa, ta kai wa 'ya'yanta gida. Saya wurin dillali mai rajista, ka karɓi rasit.

Mai tambaya ko a wanke N95 da omo a shanya: haba malam! Ruwa da sabulu na kashe ƙarfin tacewarsa. Ya jiƙe ko ya yi datti, sai kwandon shara.

Ɗan'uwa mai gemu da ke tambaya ko N95 zai zauna masa, gashi na hana takunkumin manne wa fata, iska ta bi ta ƙasa. Ka gaya wa shugaban sashenku tun kafin a sa ka ɗakin masu tarin fuka.