Amsa ga Likita a Sakkwato: yadda mu 'yan zango muke haɗa ibada da tiyata

Assalamu alaikum Likita. Ya aiki, ya iyali, ya zafin Sakkwato?

Tambayarka ta iso, na kuma gane abin da ke ƙarƙashinta. Kana son ka san yadda mu likitocin tiyata 'yan zangon Kumasi ta ƙasar Ghana muke yi da sallah a cikin waɗanda ba Musulmi ba, har ka ƙara da cewa ka ji babban asibitin garin sunan boka gare shi. Haka ne, Okomfo Anokye bokan ƙabilar Asante ne na zamanin sarkinsu Osei Tutu, takobin da ake cewa shi ya kafa yana nan a harabar asibitin. Amma kakanninmu da suka bi hanyar goro zuwa Salaga, suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da allo da tawada suka zo. Alhaji Umaru na Krachi da ya rasu a 1934 asalinsa Kabi ne, maƙwabtanku. Ba jiya muka fara riƙe addini a garin wasu ba.

A wurinku in an kira azahar kusan duk wanda ke ɗakin tiyata ya san da ita. A nan babu mai tuna maka, don haka lissafi muke yi tun daga jerin aikin ranar. Lokutanmu ba sa motsi sosai, azahar jim kaɗan bayan ƙarfe 12, la'asar wajen 3 da rabi, magariba wajen 6. Aiki mai tsawo shi ake sa wa farko da safe. Ana yin alwala kafin wankin hannu na minti 3 zuwa 5, domin da an ajiye kayan aiki a ta da kabbara. In ciki yana buɗe lokaci ya shiga, ba a barin majinyaci. Malamanmu Malikawa ne kamar naku, abin da suka koya mana shi ne a jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta a bi ta da la'asar, in jini ya ƙi tsayawa kuma akwai lokacin larura. Kuskuren da ƙananan likitoci masu kishin addini suke yi shi ne gaggawar rufe ciki don su riski jam'i. Sai su ja zare ya ɗame, ko su taƙaita shi, alhali tsawon zare ya kamata ya ninka tsawon yankan sau 4. Bayan mako guda ɗinki ya ɓalle, hanji ya leƙo. Wannan sallar ba ta burge kowa a cikinmu.

Ka tambaya ko muna cewa amin in abokin aiki Kirista ya yi addu'a kafin a fara. Yakan yi tasa, mu yi shiru, mu yi bisimilla a zuci. Daga nan duka mu koma kan takardar tantancewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wadda ake tsayawa a kanta sau 3: kafin a ba da maganin barci, kafin a sa wuƙa, da kafin majinyaci ya bar ɗaki. Sunan mutum, wane ɓangare za a yanka, akwai jini a ajiye, auduga nawa ta shiga nawa ta fito. A ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, haka muka ji tun a makarantar allo.

Inda ɗan zango yake da amfanin da abokan aikinsa ba su da shi, wurin rubutu ne da laya. Majinyaci zai rantse bai ci komai ba tun dare, kuma gaskiya ya faɗa, don a wurinsa rubutu ba abinci ba ne. Ga uwarsa a bakin ƙofa da kwalba a cikin leda, ta riga ta ɗura masa rabi da asuba. Ƙa'ida ita ce awa 6 babu abinci, awa 2 babu ko farin ruwa. Zamzam farin ruwa ne, yana bin ƙa'idar awa 2. Rubutu kuwa akwai gawayi da ƙaro a tawadarsa, wani malamin ma yakan ce a zuba nono ko garin magani, saboda haka a layin abinci muke sa shi. In ciki ba wayam yake ba aka sa mutum barci, abin yakan taso ya faɗa huhu. Shi ya sa muke tambaya kai tsaye da Hausa, "Baba, an ba ka rubutu yau?" In an hana da faɗa a ɓoye za a ba shi. Mukan ce a shafa masa a fuska da ƙirji yanzu, ragowar ya sha ranar da muka ce ya fara shan ruwa.

Laya da guru da zobe duk sai an cire. Ƙarfe yana iya ƙona fata in ana amfani da na'urar tsayar da jini ta lantarki, igiyar fata kuma tana shaƙe hannu in ya kumbura. Amma ba a tsinke ta a jefa a kwandon shara kamar yadda wanda bai san darajarta ba zai yi. Mai ita ne zai kwance da hannunsa, a sa a leda, a rubuta sunansa, a damƙa wa ɗan'uwansa a gabansa. Ko kai ba ka yarda da laya ba, mutumin da ya shiga barci hankalinsa a kwance ya fi daɗin sha'ani.

Bayan aiki ma akwai abin faɗa. Dattijon da aka fitar wa hanji ta ciki aka liƙa masa jaka, sau da yawa ba ciwon ne ke hana shi barci ba, gani yake sallarsa ta ƙare. Sai an zauna an gaya masa hukuncin mai yoyon najasa, cewa abin da ke fita ba da ikonsa ba mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, ya zubar da jakar ya yi sallarsa. Mai bandeji ya yi shafa a kai, wanda ba zai taɓa ruwa ba ya yi taimama, ya yi sallah a zaune ko a kwance. Ƙafar da aka yanke wa mai ciwon sukari, muna nema wa dangi izini su karɓa su binne.

Maganar aure da ka taɓo, i, muna auren Asante da Dagomba, kuma 'ya'yan namu ne. Wahalarsa a asibiti take bayyana. Asante dangin uwa suke bi, sai ka ga miji ɗan zango da kawun matar kowa yana cewa shi zai sa hannu a takardar amincewa. Mukan zaunar da su biyun, amma hannun matar ne doka ta sani, in ta mallaki hankalinta. In rai ya yi halinsa sai a ƙara wani ja, su Asante sun saba ajiye gawa makonni a mutuware, mu muna son a yi sutura kafin rana ta faɗi, wanda ya cika a kan tebur kuma doka na iya cewa sai an binciki gawar. Likita ɗan zango ne ke zirga-zirga da takardu don kada gawa ta kwana uku.

Wannan ranar ita ce mafi nauyi ga likitan kansa. Dangi za su ce kwana ne ya ƙare, su ma yi maka godiya, maganar tana sanyaya zuciya. Amma ba ma shiga da ita taron bitar mace-mace, can sai an faɗi minti nawa jini ya yi kafin ya iso da wane ɗinki ne ya saki. Wanda ya raba biyun nan yana iya barci. Wanda ya cakuɗa su, ko dai ya daina gyara hannunsa, ko ya dinga cin kansa har ya fara gudun manyan ayyuka. Irin wannan ba ma barinsa shi kaɗai, wani babba zai tsaya gefensa a aiki na gaba, mu kuma raka shi gaisuwar uku in dangi sun yarda.

Na san in muka zo jarabawa kuna jin Hausarmu wani iri, mukan ce wa mace "ya zo". Da ita ɗin muke laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, kuma yana ganewa. Ni ma ga tawa tambayar: in azumi ya faɗo a bazararku, zafi ya haura 40, ga riga ga fitila a ka, aikin awa 5 kuna ɗaga shi zuwa bayan buɗa-baki ne, ko likita yana ajiye azumin ya rama?