Ku Tambaya Mu Amsa: Masu Rubuta Manhaja da Gasar Ninƙaya, Keke da Gudu

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk daga masu sana'a ɗaya suke, wato masu rubuta manhajar kwamfuta, kuma duk a kan wasa ɗaya: tirayatilon, gasar da ake haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a jere, agogo bai tsaya ba. An fara ta a siffarta ta yanzu a San Diyego ta Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Mai horar da 'yan wasa da likitan gashin ƙashi ne suka haɗu wajen amsawa.

Assalamu alaikum. Ina aiki daga gida wa wani kamfani da ke Jamus. Na yi rajistar ƙaramar gasa nan da wata uku. Ina gudu sau biyu a mako, amma a ruwa in na je na dawo sau ɗaya numfashina ya ɗauke. Yaya zan raba lokacina? — Mai karatu daga Abuja

Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙaramar gasar da ka shiga ninƙaya ce ta mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Ta Olamfik ninkinta ce: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Ironman kuwa, wadda aka fara a Hawayi a 1978, kilomita 3.8 ce a ruwa, 180 a keke, 42.2 a ƙafa. Ita wannan ajiye ta gefe tukuna.

Awa biyar zuwa shida a mako sun ishe ka. Ka huta ran Litinin. Talata da Juma'a ninƙaya, minti 30 zuwa 40. Laraba keke na awa ɗaya, Alhamis gudu na rabin awa. Asabar keke mai ɗan tsawo, kana sauka ka ɗora da gudun minti goma. Lahadi gudu a hankali na minti 45, in da hali ka sake faɗawa ruwa da yamma. Kowane mako na huɗu ka rage kashi ɗaya cikin uku, domin a lokacin hutu jiki ke gina abin da atisaye ya rushe. Makon gasa kuma ka rage rabi.

Ka yi atisayen da safe, bayan sallar asuba. Aikinku ba shi da lokacin tashi na gaskiya: ƙarfe biyar da rabi za a ce wani abu ya lalace, kafin ka ɗago kai an kira magariba. Ka kuma lura da agogon Jamus. Daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, don haka taronsu na ƙarfe tara, ƙarfe takwas ne a wurinka, safiyarka ta gajarta ke nan.

Batun ruwa shi ne babba. Mai iya gudun kilomita biyar ba ƙarfin huhu ya rasa ba, riƙe numfashi yake yi. Yana dulmiya fuska sai ya rufe baki da hanci, in ya juyo kuma yana son ya fitar da iska ya shaƙi wata a cikin daƙiƙa ɗaya. Iskar da ta gama aiki ta taru a jini, ƙirji ya yi zafi, tsoro ya shigo. Ka riƙa huro iska a hankali ta hanci da baki duk lokacin da fuskarka ke cikin ruwa, ka ga kumfa na tashi, ta yadda in ka juya kai shaƙa kawai za ka yi. Juyawa ake yi, ba ɗagawa ba: kunne ɗaya da rabin tabaran ninƙaya su zauna a ruwa. Da zarar ka ɗaga kai gaba, ƙafafu sun nutse, kana jan jikinka kamar mai jan buhu. A kwamin ninƙaya mai tsawon mita 25, mita 750 tsallakawa 30 ce. Fara da tsallakawa ɗaya-ɗaya sau goma sha biyu, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Bayan mako biyu ka koma bibbiyu, sannan hurhuɗu. In za ka kashe kuɗi a wuri ɗaya, biya mai koyar da ninƙaya na zama huɗu ko biyar ya fi sayen kowane agogo amfani.

Duk wata ina da mako guda na ko-ta-kwana, ana iya tashina ƙarfe biyun dare idan sabar, wato babbar kwamfutar da manhajarmu ke aiki a kanta, ta faɗi. Kashegari agogona na atisaye na cewa in yi gudu mai tsanani. In na tsallake sai in ji na ɓata lissafi. Me ya kamata? — Mai karatu daga Kaduna

Ka tsallake, Malam, kuma kada ka rama. Nan ne masu sana'arku suka fi shiga matsala, saboda kun saba da abin da in aka ba shi umarni iri ɗaya zai ba da sakamako iri ɗaya. Jiki ba haka yake ba. Gajiyar kwana kan allo da gajiyar gudu aljihu ɗaya suke ci. Wanda ya yi barcin awa huɗu ya fita gudu mai zafi, takunsa na lalacewa, hankalinsa a kan titi na raguwa, kuma atisayen ba ya haifar da abin da aka yi shi dominsa.

Ka tsara watanka tun daga farko yadda makon ko-ta-kwana zai zama shi ne makon ragewa. Haka ma makon da za ku saki sabuwar manhaja. In an tashe ka da dare, barcinka bai kai awa shida ba, ko ka huta ko ka yi tafiya ko keke mai sauƙi na rabin awa. Kowace safiya kafin ka sauko daga gado ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya. In ya haura abin da ka saba da bugu bakwai zuwa goma kwana biyu a jere, ga kasala, ga saurin fushi, jikinka bai farfaɗo ba.

Game da agogo: agogon atisaye na Garmin da ire-irensa suna da amfani, amma ma'aunin bugun zuciya na wuyan hannu yana kuskure a ruwa da lokacin gudu mai sauri, na ɗaurawa a ƙirji ya fi shi daidai. Kuma Strava, manhajar da ake ɗora sakamakon atisaye a kanta, na zuga mutum ya mai da kowace fita tsere don abokai su gani. Kusan kashi huɗu cikin biyar na atisayenka ya kamata ya zama mai sauƙin da za ka iya hira da na kusa da kai jimla cikakkiya. In sai kalma ɗaiɗai kake fitarwa, ka wuce gona da iri.

Tun da na sayi keken tsere, ƙuguna da gaban gwiwata ke ciwo, wuyana ma ya sage. Keken ne ko kujerar ofis? — Mai karatu daga Kano

Su biyun ne, domin zama iri ɗaya suke sa ka. Awa takwas a kujera tsokar gaban ƙugu na naɗe, tsokar ɗuwawu na barci, kafaɗu sun zubo gaba. Ka hau keke ka sake lanƙwashewa haka. In ka zo gudu, tsokar da ya kamata ta tura ka ba ta aiki, sai gadon baya da gwiwa su ɗauki nauyin.

Fara da sirdi. Jingina keken da bango, ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mai da tafin ƙafa wurinsa, gwiwar za ta ɗan lanƙwasa, haka ake so. Ciwon gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, ko kana taka giya mai nauyi a hankali. Ciwon bayan gwiwa da rangajin ƙugu, sirdi ya yi sama. Ka riƙa gyarawa da milimita uku zuwa biyar, ka yi fita biyu kafin ka sake taɓawa, ka sa alama da salatif a jikin sandar. Giya kuma ka sassauta ta har ƙafarka ta riƙa zagaye 85 zuwa 95 a minti. Wuya da ke sagewa na nuna kan keken ya yi nisa ko ya yi ƙasa.

A ofis, ka tashi duk minti 30 zuwa 45 ko da na minti biyu ne. Saman allon kwamfuta ya yi daidai da idonka. Laftof a kan tebur kai tsaye shi ke karya wuya, ka ɗora ta kan littattafai ka sa mata madannai na daban. Sau biyu a mako ka ba da minti 20 ga ƙarfafa jiki: kwanciya rigingine kana ɗaga ƙugu sau 15, tsuguno da miƙewa sau 12, dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe na daƙiƙa 30, kowanne zagaye uku. Amma in ciwon na sauka ƙafa da tsira ko mutuwar jiki, ko gwiwar ta kumbura, ka je asibiti.

Na gwada gudu bayan keke, ƙafafuna suka zama kamar ba nawa ba. Haka zai kasance ranar gasa? — Mai karatu daga Jos

Zai ragu sosai in ka saba, shi ya sa muka sa shi kowace Asabar. Kilomita biyun ƙarshe a keke ka sassauta giya, in ka sauka ka fara da gajeren taku. Nauyin kan sake bayan minti biyar zuwa goma. Sabon shiga kan fita da saurin da ya fi ƙarfinsa, domin bayan keke gudu kan yi kamar tafiya ake.

Lokacin da ka ɗauka a wurin sauya kaya, tsakanin wasa da wasa, shi ma cikin lokacinka na gasa yake. Hular kwano sai ta hau kai an ɗaure ta kafin ka taɓa keke, ba ka kwance ta sai ka rataye shi. Ba a hawa keken sai an wuce layin da aka shata don hawa. A yawancin gasannin 'yan sha'awa an hana lafewa a bayan wani don ya tare maka iska, ana so ka bar tazarar mita 10 zuwa 12, gwargwadon dokar gasar.

Zafin garinmu ba wasa ba. Ruwa nawa zan sha, kuma yaya zan yi da azumi? — Mai karatu daga Maraɗi

Auna kanka ba kaya kafin fita ta awa ɗaya, ka sake aunawa in ka dawo ka goge zufa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce, ka ƙara da abin da ka sha a hanya, ka san zufarka ke nan. Yawancin mutane na jure shan rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa, kurɓi-kurɓi. In fitar ta wuce awa ɗaya, ruwa zalla bai isa ba, zufa na tafiya da gishiri. Ɗirkar ruwa fiye da kima ba gishiri na iya sa ciwon kai, amai da ruɗewa, kuma yana kisa. Ruwan gishiri da sukari na sashe da ake sayarwa a kemis yana aiki. Abinci kuma giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a awa: ayaba matsakaiciya na da kusan 25, dabino ɗan cikin hannu ya cike sauran. Duk abin da za ka ci ranar gasa, ka gwada shi a atisaye.

A watannin bazara ka gama kafin ƙarfe takwas na safe. In kana cikin gudu ka ji jiri, tsigar jiki na tashi cikin rana, ko magana ta fara harɗewa, tsaya, nemi inuwa, a zuba maka ruwa. Da azumi ba a neman ƙarin ƙarfi, riƙe wanda ake da shi ake yi. Fita mai sauƙi ta minti 30 zuwa 40 dab da shan ruwa, mai nauyi kuma bayan tarawihi. Ninƙaya ka mai da ita dare, ka huta da fargabar haɗiyar ruwa.

Gasar a tafki za a yi. Ko in je madatsar ruwan da ke kusa da mu in saba? — Mai karatu daga Zariya

Kada ka shiga sai ka binciki ruwan. Madatsu da kududdufai da yawa a ƙasar Hausa na ɗauke da tsargiya. Ƙwayar na fitowa daga dodon koɗi ta huda fata ko da ba ka sha ruwan ba, sai bayan makonni a ga jini a fitsari ko bayan gida. In ka riga ka shiga, je a gwada ka, akwai maganinta. Ka koyi abin da tafki ke buƙata a kwami: duk bugu shida zuwa takwas ka ɗago ido kaɗan saman ruwa kamar kada, ka hango wata alama, ka mai da fuska. Ka gwada juyawa ba tare da taɓa bango ba, ku kuma yi iyo ku uku a layi ɗaya don ka saba da gogayya. Ruwan da ba kwami ba kuwa, ba a shigarsa ba tare da mai kwalekwale a kusa ba.

Ni mace ce, ina son shiga, amma kayan da nake gani ba zan iya sa su ba. Akwai mafita? — Mai karatu daga Landan

Akwai, 'yar'uwa. Dokokin hukumar tirayatilon ta duniya sun yarda ɗan wasa ya rufe jikinsa duka ban da fuska saboda addini, muddin yadin ya cika ƙa'ida kuma ba zai shiga cikin keke ba. Shirin Gerami ta Iran ta yi gasar duniya a garinku a 2013 a rufe, ta kuma kammala Ironman na Hawayi a 2016. Ki rubuta wa masu shirya gasar tun da wuri, ki tura hoton kayan. Ki nemi yadi marar riƙe ruwa, ban da auduga, domin tana jiƙewa ta yi nauyi ta goge fata. Ƙafar wando ta kama idon sawu don kada sarƙa ta cafke ta, rigar kuma kada ta kai tsawon da za ta maƙale a sirdi lokacin sauka. Hijabin wasa marar allura za ki sa, ki gwada hular kwano a kansa a shago kafin ki biya, saboda sau da yawa sai an ƙara lamba ɗaya. Ki shafa man kaɗanya a wuya, hammata da cinyoyi kafin ki sa kayan, sannan ki yi cikakken gwaji aƙalla sau biyu: ki fito daga ruwa, ki hau keke da su a jiƙe, ki sauka ki yi gudu.