Tambaya da Amsa: Da Gaske Fanka Tana Kashe Mai Barci a Rufaffen Ɗaki?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An turo mana wani saƙo a WhatsApp cewa a Koriya ta Kudu an tabbatar duk wanda ya kwana da fanka a kunne, ƙofa da taga a rufe, yana iya mutuwa. Ni da yara uku muke kwana a ɗaki ɗaya, tun ranar nake tashi cikin dare ina kashe ta. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki bar wa yara fankarsu. Mutanen Koriya da yawa sun yarda da wannan magana, musamman dattawa, amma camfi ne, ba a taɓa tabbatar da shi ba.

Camfin ya tsufa. Tun 1927 wata jarida a can ta yi gargaɗi kan illar fanka, lokacin tana sabon abu a gidaje. Bayanin da ake bayarwa kashi biyu ne. Wasu sun ce tana shanye iskar ɗaki har numfashi ya ɗauke, wasu kuma sun ce tana sanyaya jiki har zuciya ta tsaya. Ki dubi fankarki da kyau: ƙaramin inji ne da fukafukai uku ko huɗu. Ba ta ƙona komai, don haka ba ta cin iskar oksijin, ba ta fitar da hayaƙi. Iskar da ke ɗakin kawai take juyawa, kuma ɗakunanmu iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga. Ko sanyaya ɗakin ma ba ta yi. Sanyin da kike ji, zufa ce take busarwa daga fatarki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda camfin ya samu gindin zama a ƙasar kamfanonin Samsung da LG. A 2006 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasar ta sa shaƙewa ta dalilin fanka da na'urar sanyaya ɗaki cikin haɗurran lokacin zafi. Masu ƙera fanka kuma suna sa mata agogon da zai kashe ta bayan awa ɗaya ko biyu. Yaron da ya tashi ya ga kakarsa na murɗa agogon nan kowane dare, ya kuma ji hukuma ta faɗa, wa zai ce masa ƙarya ne? In aka wayi gari da gawa a ɗaki ana tsananin zafi, kusan dole a tarar da fanka na juyawa, sai jarida ta ɗora mata laifi, alhali ciwon zuciya ne, ko barasa, ko shi kansa zafin garin.

Akwai inda fanka take da illa ta gaske, kuma ya shafe mu. Zafin fatar mutum kusan digiri 35 ne. Idan iskar ɗaki ta wuce haka sosai, fanka zafi take hura miki. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada a 2019: a digiri 40 mai danshi fanka ta taimaka, amma a digiri 47 busasshe ta ƙara wa jiki wahala. Busasshen zafin nan shi ne irin na bazararmu a watan Afrilu. A irin ranakun nan ki jiƙa zani ko tawul ki shafe wa yara jiki, ki yawaita ba su ruwa, ki buɗe taga da dare in waje ya fi ciki sanyi. A fi kula da tsofaffi, domin zufarsu ba ta kai ta matasa ba.

Wanda nake roƙonki da Allah ki kiyaye shi ne janareta. In an ɗauke wuta aka tayar da shi don fanka ta yi aiki, kada a shigar da shi ɗaki ko soro ko bakin taga saboda tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Haka gawayin da ake shiga da shi ɗaki a kasko lokacin hunturu. A ajiye janareta a fili, nesa da ɗakin kwana, bututun hayaƙin na kallon waje.