Amsa kan ƙafa uku da kai na kyamarar 4x5

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi kyamara mai ɗaukar fim mai faɗin inci 4 da tsawon inci 5, kana tambaya ko ƙafa ukun (maɗorin kyamara mai ƙafafu uku) da kake ɗora kyamarar dijital a kai za ta wadatar. A ganina, kan da ke samanta, wato abin da ake ɗaura kyamarar a kai, ya fi ƙafafun muhimmanci.

Ka guji kai mai ƙwallo, wanda ke juyawa ta kowane ɓangare. Da ka sassauta shi, kyamarar za ta rinjaya gefe guda, ga shi kuma kana ƙarƙashin baƙin ƙyalle kana kallon hoto a kife a gilashin baya. Nemi kai mai giya, wato mai haƙoran inji da ake murɗawa, kamar Manfrotto 410, wanda ke ɗaukar kilo 5. Kana murɗa shi sannu a hankali, sama daban, gefe daban, har layin gini ya miƙe cak. Yana kuma riƙe matsayinsa lokacin da kake cusa gidan fim, wato akwatin da ke riƙe fim ɗin, a bayan kyamarar, domin wannan turawar ce ke gusar da saiti. Idan kyamarar irin wadda sassanta ke zaune kan dogon ƙarfe ɗaya ce, kamar Sinar, nauyinta zai iya fin ƙarfin wannan kan.

Ƙafafu kuwa, na katako irin Berlebach na Jamus suna shanye girgiza, na Gitzo da aka yi da zaren kabon sun fi sauƙin ɗauka amma da tsada. Kada ka ɗaga sandar tsakiya, musamman in akwai iska, don zugazugin kyamarar, wato ɓangaren tsakiyarta mai naɗewa, na kama iska sosai.

Kafin ka biya, duba ramin ƙasan kyamarar, inda ake ɗaure ta a kan, don ya dace da shi: inci 1/4 ne ko 3/8.