Amsa: Sikanin zai iya maye gurbin kolonoskofi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko sikanin ciki na ultrasound (irin wanda ake yi wa masu juna biyu) ya wadatar wajen bibiyar kumburin hanji, tunda kin gaji da kolonoskofi, wato duba cikin hanji da kyamara. Allah ya ƙara lafiya. Nima ina da cutar Crohn, mai sa kumburin hanji, kuma gaskiya na fi son sikanin nesa ba kusa ba. Babu shan maganin wankin hanji da ke hana mutum barci, babu allurar sa barci, babu zura kyamara ta dubura. Ki kwanta, a shafa man nan mai sanyi, cikin kamar minti 20 an gama.

Abin da ya fi burge ni shi ne ina kallon allon tare da likita. Yana nuna min kaurin bangon hanji. Idan ya wuce milimita 3, alamar kumburi ce, kuma yana duba yadda jini ke gudana a wurin. Ganin kaurin ya ragu bayan canjin magani ya sa na daina wasa da shansa.

Amma bai maye gurbin kolonoskofi ba. Ba ya iya ɗebo tsokar da za a gwada, ba ya ganin ƙarshen hanji da ke kusa da dubura sosai, kuma ƙiba na rage kyan hoton. Binciken ciwon daji sai da kyamara. Ki tambayi likitanki ko za a riƙa yin sikanin tsakanin kolonoskofi ɗaya da na gaba.