Tambaya da Amsa: Me Ya Sa TSH Ke Hawa Idan Tayiroyid Ta Gaza?

Tambaya: Likita, na daɗe ina fama da kasala da jin sanyi, jikina kuma yana ƙara nauyi. Da aka auna jinina sai aka ce TSH ya hau, wai kuma gaɓar tayiroyid ɗina ce ta yi rauni. Ta yaya hawan sinadari zai zama alamar gazawa?

Amsa: Malama, tambayarki tana kan hanya, kuma bakin zaren shi ne TSH ba tayiroyid ce ke yin sa ba, saƙo ne da ake aika mata daga sama.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira haifotalamus, wanda ke sakin wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna TRH, aikinsa kawai ba da umarni. Ba ya yin doguwar tafiya, domin akwai wasu siraran jijiyoyin jini da ke ɗauke shi kai tsaye zuwa gaɓar fituwitari, wadda ke rataye a ƙarƙashinsa, nauyinta kuwa kimanin rabin giram ne kacal. Da saƙon ya iso, sai fituwitari ta zuba TSH cikin jini, shi kuma ya gangara wuya ya tarar da tayiroyid a gaban maƙogwaro, ya sa ta tsotso aidin daga jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3. Lambobin nan adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowannensu. Mafi yawan abin da take fitarwa T4 ne, sai hanta da ƙoda da wasu sassan jiki su cire masa aidin guda ya koma T3, wanda ya fi ƙarfi wajen daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda ake ƙona abinci.

Gano TRH bai zo da sauƙi ba, saboda ƙanƙantar abin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Sai da Roger Guillemin da Andrew Schally, kowanne da nasa ayarin a Amurka, suka tace ƙwaƙwalen tumaki da aladu masu ɗimbin yawa kafin su fayyace tsarinsa a 1969, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1977.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nan shi ne na sama suna sauraren na ƙasa. Idan T4 da T3 suka wadata a jini, haifotalamus da fituwitari sukan sassauta. Idan kuwa suka yi ƙaranci, sai fituwitari ta ƙara TSH, kamar mai sallama a ƙofar gida da ke ɗaga murya saboda ba a amsa ba. Hawan TSH ɗinki ɗaga muryar ke nan. Wannan matsin ne kuma ke kumbura wuya ya zama maƙoƙo ga wanda aidin ya yi wa ƙaranci, domin TSH yana sa gaɓar girma. Baligi na buƙatar maikurogiram 150 na aidin a kullum.

Sai dai TSH shi kaɗai ba ya isa kowane lokaci. Idan fituwitarin ce da kanta ta samu rauni, kamar yadda yakan faru ga macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, za a ga T4 ya faɗi amma TSH bai hau ba, shi ya sa ake auna su tare idan akwai shakka.

Idan an ɗora ki a kan maganin lebotayiroksin, wanda shi ne T4 ɗin da jikinki ya rasa, ki sha shi da safe kafin ki ci komai, kuma kada ki yi gaggawar sake gwaji. T4 yakan ɗauki kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini, fituwitari ma sannu a hankali take saukar da murya, don haka likitanki zai jira mako 6 zuwa 8 kafin ya sake auna TSH ya ga ko adadin maganin ya yi miki daidai.