Injin da ke tsayar da gashi ya ƙi aiki

Tambaya: 'Yata mai shekara 16 tana aikin sa kai a gidan baje kolin kimiyya. An ajiye ta wajen injin Van de Graaff, wanda ke sa gashin kai ya miƙe tsaye, amma wani lokacin sai ya ƙi aiki a gaban yara. Ya za ta yi?

Amsa: Hajiya, galibi laifin danshi ne. Idan iska ta jiƙe, cajin da bel ɗin roba ke kaiwa ƙwallon ƙarfen sama sai ya tsiyaye kafin ya taru. Ta kashe injin, ta goge ƙwallon da busasshen tsumma, domin ƙura da maiƙon hannu ma suna sace caji. Bel ɗin da ya saki kuwa aikin ma'aikata ne, kada ta buɗe.

Yaron da za a tsayar wa gashi ya tsaya kan kujerar roba, ya ɗora hannu kan ƙwallon tun kafin a kunna, kada kowa ya taɓa shi. Gashi mai kitso ko mai yawan man shafawa da wuya ya tashi, wannan ba laifinta ba ne. Bayan an kashe, ta taɓa ƙwallon da sandar sauke caji. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya matso kusa.